Gogen da Aka Ce Ya Ƙone

Shafi na 19

Masu tambaya ko na manta da ku ne, ban manta ba. Shafin ne ya ƙi rubutuwa da sauri. Ga shi.

Shuɗiyar igiya ce, irin wadda ake ɗaure dammin ciyawa da ita, naɗe a hannun wani tsohon akwatin goge. Freya ta gan ta ne a wucewa, tana sauri za ta shiga rumfar askin tumakin da ake bikin kiɗan bazara a cikinta kowace shekara. Har ta gota, sai ƙafarta ta tsaya da kanta.

Akwati ɗaya ta sani mai wannan igiya, kuma mazauninsa ƙarƙashin gadon babansu.

Baba Clem yana tsaye a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, cikin baƙar kwat ɗin da yake sawa tun kafin a haife ta, yana goga wa bakan gogensa ƙaro.

"Baba, me wannan yake yi a nan?"

Bai dube ta ba. Ya ce gogen da ya aro ne ya buɗe. Bayan gwajin kiɗan da suka yi da rana ya manta shi a mota, zafi ya narkar da gam ɗin da ya haɗa katakon, bayansa ya rabu da cikinsa. Mai gyara yana can birni, jama'a kuwa ga su nan suna ta sauka daga motoci da kwandunan abincinsu.

"Kai da kake yi wa ɗalibai faɗa a kan barin goge a mota?"

"To yau ki rama musu. Amma ki rage murya."

Freya ta waiga. Ƙofar ɗakin da aka ba yayarta a rufe take. Ana jin Petra a ciki tana motsa yatsu, sauti yana hawa yana sauka kamar yarinya mai gudu a kan matakala.

Gogen da ke cikin akwatin na mamarsu ne, Renate. Abin da Petra ta sani shi ne ya ƙone tare da gidansu, shekarar da wutar daji ta cinye kwarin da suke zaune, kuma Mama ta koma cikin hayaƙi ne don ta kwance karnuka. Haka Baba ya faɗa mata. Haka ya sa Freya ta yi alkawarin faɗa, tana 'yar shekara tara. Petra tana birni a lokacin, tana shirin jarrabawar da za ta kai ta makarantar kiɗa a Turai, kuma da wannan gogen aka shirya za ta yi ta.

Freya ce a cikin mota ranar. Ita ta ga Mama ta buɗe ƙofa ta koma da gudu, ita ta ga abin da ta rungumo. Mama ta ɗora mata shi a cinya, ta jingina da motar tana neman numfashi. Wani maƙwabci ne ya tuƙa su, amma Mama ba ta kai asibiti ba.

Petra ta tafi, ta zama wadda ake manna hotonta a manyan birane. Baba ya kai gogen aka gyara gefen da ya babbake, aka shafe shi da launi mai duhu, ya ci gaba da kaɗa shi duk shekarun da ba ta nan. Sai bana, da ta yarda za ta dawo gida ta yi kiɗa a bikin, ya mayar da shi ƙarƙashin gado ya aro wani.

"Ba ni shi," in ji Freya. "Ka riƙe nawa."

Ya buɗe akwatin ya miƙa mata. Tun kafin ya kai ga haɓarta ta ji. Duk gyaran da aka yi masa, in rana ta yi zafi cikin katakon yakan saki warin hayaƙi, ɗan kaɗan, ba mai ji sai wanda ya ɗora haɓa a kai. Ta kasa ɗora shi, ta kawar da fuska. Baba ya karɓe abinsa a hankali.

Ya ce ta kwantar da hankalinta, Petra jama'a za ta fuskanta, su bayanta kawai za su gani, launin ma ba wanda ta sani ba ne. Freya ta tuna masa abin da su biyun suka sani sarai. In tsirkiyar mai kiɗan gaba ta tsinke ana tsaka da kiɗa, ba a tsayawa. Jagoran masu goge ne yake miƙa mata nasa, shi ya karɓi na wanda yake kusa da shi, na kusan ya zauna ya gyara tsinkakken. Baba ne jagora. Freya ce ta kusa da shi.

"In ya faru, ni zan miƙa nawa. Kai ka riƙe hannunka. Ka ji, Baba?"

"Duk zamana a kujerar nan sau ɗaya na ga haka, shi ma kina rarrafe."

"Ka ji dai?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Anti Bev, aminiyar Mama mai kula da shayin biki, ta ɓullo tana kaɗa ƙararrawar wuyan rago, wadda da ita ake kiran mutane su zauna. Daidai nan Petra ta fito cikin doguwar koriyar riga da takalmi mai tsini. Anti Bev ta daina kaɗawa, ta tsaya tana kallon ƙafafun.

"Nan ba birnin Vienna ba ne, 'yata. Tsagar daben nan don kashin tumaki aka yi ta, kuma ta haɗiye takalman da suka fi naki tsada."

Petra ta yi dariya, ta tuɓe su ta damƙa mata, ta ce ta ajiye, kar ta sayar. Da za ta wuce ta ja kuncin Freya.

"Auta, in kika yi kuskure zan ji, ko da na ba ki baya."

Freya ta yi murmushin da ya samu. Baba yana gefe, ya saka gogen a bayansa.

Rumfar ta cika har bakin ƙofa. Ga manoma masu jan wuya cikin rigunansu na coci, ga tsofaffin mata da mafitai, ga baƙin birni a zaune a kan ƙunsunan ulu. Waɗanda suka rasa wuri suka baje a kan ciyawa. An buɗe manyan ƙofofin baya don iska, rana ta karkata, tana shigowa ta hujojin kwano tana ɗiga a kan kawunan mutane.

Baba ya miƙe. Mai algaita ya ba da sauti ɗaya, kowa ya daidaita nasa da shi. Sannan Kostas, mai sandar da makaɗa suke bi, ya fito da Petra, ba takalmi a ƙafarta.

Kiɗan kashi uku ne, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshen na uku.

Freya ta sha jin yayarta a rediyo, amma ba ta taɓa zama a bayanta ba. Makaɗa suka fara, suka shimfiɗa mata hanya, ita tana tsaye baka a rataye a yatsu kamar ba da ita ake ba. Da lokacinta ya yi ta ɗaga hannu, sai wani siririn sauti ya tashi daga tsakiyarsu ya haye can sama, ya tsaya a kan kwanon rumfar. Kiɗan ya yi sauri, ya yi fushi, ya koma wasa. Petra tana jan makaɗa arba'in a bayanta kamar mai jan zare, in ta saki su faɗi, in ta ja su taso.

Ana dab da ƙarshen kashin farko, a inda sautin ya fi ko'ina tsini, aka ji tas.

Siririyar tsirkiyar ta tsinke, ta lanƙwashe a iska.

Freya ta ɗaga nata. Wallahi ta ɗaga. Amma hannun Baba ya riga tunaninsa. Abin da ya yi shekara da shekaru yana koya wa yara, cewa jagora ba ya jira, ba ya tambaya, shi hannun ya yi. Petra ta juyo rabin juyi, ta saki nata, ta cafe nasa, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da Baba ya ga tafinsa wayam sannan ya san abin da ya aikata. Ya karɓi na Freya da ke miƙe, kamar dama don shi aka miƙa, ya ɗora mata tsinkakken a cinya.

Petra ta faɗa cikin kiɗan daidai inda ya kamata. Wani ɗan guna-guni na sha'awa ya ratsa jama'a.

Freya kuwa bayan yayarta take kallo. Ta ga lokacin da ƙasusuwan kafaɗarta suka ƙame. Sauti ɗaya ya yi tsawo fiye da yadda aka rubuta shi, har Kostas ya ɗago ido. Sai ta wuce, kamar ba a yi komai ba.

Freya ta laluba aljihu ta fito da sabuwar tsirkiya. Yatsunta suna zamewa saboda gumi, amma ta zura, ta naɗa, ta kara kunne tana ɗan taɓawa har ta daidaita. In ta mayar kafin kashi na biyu, wataƙila Petra ta ce kama ce kawai. Gogunan duniya ai suna kama da juna.

Kashin farko ya ƙare. Rumfar ta yi tsit, sai tarin wani tsoho. Freya ta ɗan taso ta miƙa gyararren.

Petra ta juyo. Ba Freya ta kalla ba, Baba ta kalla. Shi kuma ya tsura wa takardar kiɗan gabansa ido. Ta girgiza wa Freya kai kaɗan, ta mayar da haɓarta kan gogen Mama, ta yi wa Kostas alama ya ci gaba.

Kashi na biyu mai sanyi ne. Manyan goguna suka fara daga ƙasa, a hankali, kamar numfashin mai barci. Freya ba ta ko ɗaga wanda ke cinyarta ba. Ta manta tana cikin makaɗa.

Sautin da ya fito daga hannun Petra ba wanda aka ji ɗazu ba ne. Wancan yana walƙiya. Wannan yana da duhu, yana da ɗan dusashewa a ƙasa, irin ta muryar macen da ta tashi da sassafe tana waƙa ƙasa-ƙasa don kar ta tashi yara. Baba ya daɗe yana kaɗa gogen nan, Freya ta ji shi sau ba adadi, amma bai taɓa yin wannan muryar a hannunsa ba. Sai ga kicin ɗinsu na da ya dawo mata, da labulen da iska take ɗagawa, da bayan Mama a gaban taga.

Petra ba ta ƙawata komai ba. Ta bar kowane sauti ya yi tsawon ransa kafin ta kira na gaba. Wani wurin ta yi ƙasa da shi har sai ka riƙe numfashi kafin ka ji, amma na can kan ciyawa ma suna ji. Mafitai suka tsaya a hannun mata. Wani manomi da Freya ta san ko a jana'izar matarsa bai yi hawaye ba ya cire tabarau ya riƙe, ya rasa inda zai sa shi. Fararen tsuntsayen da suka saba cika yamma da ihu a kan bishiyoyin turare, ko dai sun yi shiru, ko kuwa kunnen kowa ne ya rufe daga gare su. A bakin ƙofa Anti Bev tana tsaye da buta a hannu, ɗayan hannun a kan bakinta.

Freya ta saci kallon Baba. Yana kaɗawa, bakansa yana tafiya tare da na sauran, bai kuskure ko ɗaya ba. Ruwa yana bin gefen hancinsa yana sauka a kan gogen da ya karɓa a hannunta.

Yadda kashi na uku ya wuce, Freya ba za ta iya faɗa ba. Ta dai san ya zo da gudu, Petra ta kore su gaba kamar iska ta kori busasshen ganye, sannan komai ya tsaya cak.

Ba wanda ya motsa. Kostas ya bar sandarsa a sama, Petra ta bar bakanta a sama, ɗaruruwan mutane suka zauna cikin shirun nan ba mai son ya zama shi ya fasa shi. Sai da sandar ta sauka, sannan aka fara buga ƙafa a dabe, yadda mutanen kwarin suke yi in tafi ya yi musu kaɗan. Katako ya ɗauki rugugi, ƙurar ulu ta taso ta shiga cikin haske.

A al'ada, mai kiɗan gaba takan mayar wa jagora gogensa ta ba shi hannu. Baba ya miƙe, ya miƙa hannun. Petra ta rusuna wa jama'a, ta gaisa da Kostas, ta bi ta gefen hannun Baba ta fice da gogen a ƙirjinta.

Aka tafi hutun shan shayi.

Freya da Baba suka sami Petra a ɗakin masu askin tumaki, zaune a bakin gadon ƙarfe. Gogen yana kan gwiwarta, babban yatsanta yana kai da komowa a wuyansa, a wani ɗan kwarmi da yatsan Mama ya yi.

"Rufe ƙofa, Auta."

Freya ta rufe.

"Wa ya fito da shi daga gidan?"

"Ni," in ji Baba.

"Kai kana kan tudu da motar kashe gobara. Duk kwarin nan ya sani." Ta juya ga Freya. Muryarta ba faɗa a ciki, shi ya fi ba Freya tsoro. "Ke kina cikin mota. Da ta dawo, me ta rungumo?"

Freya ta sunkuyar da kai.

"Kare ne?"

Ta girgiza kai.

Baba ya matso, har yanzu gogen Freya da baka suna hannunsa. Ya ce ta saurare shi. Ya ce yarinya ce ita a lokacin, ya rasa mace ɗaya a gidan, ba zai iya kallon ta biyu tana lalacewa ba. Ya san halinta, da ta ji don gogen jarrabawarta aka koma, da ba ta sake taɓa tsirkiya ba har abada, kuma abin da mutane suka ji yau da ba su ji ba. Ya ce laifin ƙaryar nasa ne shi kaɗai, Freya umarni ta bi.

"Ba ke kika aike ta ba, Petra. Mamarku ce ta ga dama, kin san ta in ta sa kanta abu. Ba hannunki a ciki. Shi ya sa na ga bai kamata ki ɗauki kayan da ba naki ba."

Petra ta yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Na kira ta."

Baba da Freya suka juyo gare ta.

Ta ce a rediyo ta ji wuta ta tsallake rafi. Ta buga waya, Mama ta ɗauka a cikin mota, tana ma jin ƙarar injin. Mama ta ce sun fito, Auta tana tare da ita, yanzu za su kama hanya.

"Sai na ce, Mama, kin ɗauko gogen?"

Freya ta jingina da ƙofa. Ta tuna wayar. Ta tuna Mama ta yi shiru tana kallon gidan ta madubi, sannan ta faɗi kalma uku ta kashe. Duk shekarun nan Freya ta ɗauka Baba ne ya kira.

"Kar ki damu," in ji Freya, ba ta san a fili ta faɗa ba.

"Haka ta ce." Petra ta gyaɗa kai. "Da ka ce min karnuka ne, Baba, na riƙe maganar nan da hannu biyu. Da ita nake barci. Da ita nake hawa kowane dandali. Ban taɓa tambayarka sau biyu ba, ba ka lura ba?"

Baba ya zuba mata ido. Fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka tasa daga barci a gidan da bai sani ba.

"Ɗazu na ɗora haɓata, na ji muryarta, na ji hayaƙi. Na so in ajiye. Na kasa. Ban taɓa yin kiɗa irin na yau ba, kuma ban san ko zan iya yafe wa kaina hakan ba."

A waje ƙararrawa ta fara kiran mutane su koma. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, Kostas ya ce daga baya makaɗa sun zauna, jagora kawai ake jira, ba mai daidaita sauti sai ya fito.

Petra ta miƙe. Ta ɗauki gogen da hannu biyu ta miƙa wa babanta.

"Karɓi, ana jiranka."

Bai karɓa ba.

"Baba, ka ce wani abu. Ko zagi ne."

Ya dubi gogen. Ya dubi Petra, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sunkuya ya kwantar da gogen Freya a kan gado, a hankali, yadda ake kwantar da jariri. Ya juya ƙarshen bakansa ya sassauta izgar, kamar yadda makaɗi yake yi in ya gama aikin ranar, ya ajiye shi a gefe.

Ya buɗe ƙofar baya, wadda take fita makiyaya, ya ja ta a bayansa ba tare da ta yi ƙara ba.